Kiristanci da Makarantun Gwamnati a Ingila: Inda Doka Ta Tsaya da Inda Jama'a Suka Kai

Ingila na cikin ƙasashen Turai ƙalilan da har yanzu suke da cocin gwamnati a hukumance. Tun shekarar 1534, lokacin da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma, Cocin Ingila ya koma ƙarƙashin sarautar ƙasar, kuma dokar gadon sarauta ta 1701 ta wajabta cewa duk wanda zai hau karaga ya kasance ɗan Furotesta. Bishop-bishop 26 na wannan coci suna da kujeru a majalisar dattawan Birtaniya saboda muƙaminsu kawai. Da aka naɗa Sarki Charles na Uku a ranar 6 ga Mayu 2023, a cikin cocin Westminster aka yi bikin, Akbishop na Canterbury ne ya ɗora masa kambi, kuma sarkin ya yi rantsuwar kare cocin. Sai dai a wannan taro Firaministan wancan lokaci, Rishi Sunak, wanda mabiyin addinin Hindu ne, shi ya karanta wani sashe na Baibul, wakilan Musulmi da Yahudawa da sauran addinai kuma suka taka rawa. Bikin ya nuna halin da ƙasar take ciki, wato dokarta ta Kirista ce, jama'arta kuwa sun zama gauraye.

Babu inda wannan hali ya fi fitowa fili kamar makaranta. Coci-coci ne suka fara ilimantar da 'ya'yan talakawa a Ingila kafin gwamnati ta sa hannu. A 1811 Cocin Ingila ya kafa wata ƙungiya da burin gina makaranta a kowace unguwar da yake da majami'a, kuma sai a 1833 majalisa ta fara ba da tallafin fam dubu 20 domin gine-ginen makarantun da ƙungiyoyin addini ke gudanarwa. Dokar ilimi ta 1870 ce ta fara samar da makarantun hukuma domin cike gurbin wuraren da coci bai kai ba. Dokar ta amince a koyar da Baibul a waɗannan makarantu, amma ta hana koyar da aƙidar wata ɗarika ta musamman, domin a lokacin gardamar tsakanin Kiristoci ce su ya su. Da dokar 1902 ta ba da damar kashe harajin ƙananan hukumomi a kan makarantun coci, dubban Furotesta da ba 'yan Cocin Ingila ba suka ƙi biyan harajin, har aka ɗaure wasunsu.

Tsarin da ake kai a yau ya samo asali ne daga dokar ilimi ta 1944, wadda minista Rab Butler ya jagoranta ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar ta shigar da makarantun coci cikin tsarin gwamnati ta hanya biyu. Wasu gwamnati ta ɗauki dukkan nauyinsu, ikon coci a kansu ya ragu. Wasu kuma coci ya ci gaba da biyan wani kaso na kuɗin gini, wanda a yanzu kashi 10 cikin ɗari ne, shi ya sa yake da ta cewa wajen ɗaukar malamai da ɗalibai da kuma darasin addini. Dokar ta wajabta darasin addini da kuma ibadar haɗin gwiwa kowace rana a duk makarantar gwamnati, tare da ba iyaye damar cire 'ya'yansu daga duka biyun. A 1988 aka ƙara fayyace lamarin: ibadar ta kasance ta Kirista gaba ɗaya ko galibinta, manhajar addini kuma ta nuna cewa Kiristanci ne babbar al'adar addini a ƙasar, ba tare da watsi da sauran manyan addinai ba. Makarantar da yawancin ɗalibanta ba Kiristoci ba ne tana iya neman izinin kwamitin yankinta domin a ɗage mata sharaɗin Kiristanci, amma ibadar kanta tana nan daram.

Girman hannun coci a harkar ilimi ba ƙarami ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun da gwamnati ke biya a Ingila suna da alaƙa da wani addini. Cocin Ingila kaɗai yana da makarantu sama da 4,600 da ɗalibai kimanin miliyan ɗaya, kuma kusan ɗaya cikin kowaɗanne makarantun firamare huɗu tasa ce, cocin Katolika kuma yana da kimanin 2,000. A ƙauyuka da dama makarantar coci ita ce kaɗai a kusa, don haka iyaye ko da wane addini suke bi can za su kai 'ya'yansu. Musulmi sun daɗe suna neman a yi musu irin abin da aka yi wa Kiristoci da Yahudawa, amma sai a 1998 gwamnati ta fara ɗaukar nauyin makarantun Musulmi, inda aka soma da makarantar Islamia da Yusuf Islam ya kafa a Landan da makarantar Al-Furqan ta Birmingham.

A ɗaya ɓangaren, ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu kiran kansu Kiristoci a Ingila da Wales sun koma kashi 46.2 cikin ɗari, daga kashi 59.3 a 2011. Wannan ne karo na farko da suka gaza rabin jama'a. Waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37.2, Musulmi kuma kashi 6.5, wato mutum miliyan 3.9. Tun kafin wannan ƙidaya dokar ibada ta zama ta takarda a wurare da yawa. A 2004 shugaban hukumar duba makarantu ta Ofsted, David Bell, ya bayyana cewa kusan kashi uku cikin huɗu na makarantun sakandare ba sa gudanar da ibadar kullum kamar yadda doka ta ce. A 2016 kwamitin kare haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shawarci Birtaniya da ta soke wajabcin. Har yanzu ba a soke shi ba.

Masu son a bar tsarin yadda yake suna da hujja mai ƙarfi. Harshen Ingilishi da adabinsa cike suke da tasirin fassarar Baibul ta Sarki James da aka buga a 1611, ranakun hutun ƙasar sun ginu a kan Kirsimeti da Ista, tutar Birtaniya kuma gicciye ne a kan gicciye. Ɗalibin da bai san wannan ba zai sha wuyar fahimtar tarihin ƙasarsa, ko yaƙin basasar ƙarni na 17, ko gwagwarmayar William Wilberforce ta hana cinikin bayi. A kan haka ne David Cameron, yana firaminista, ya sha nanata cewa Birtaniya ƙasar Kirista ce. Abin lura kuma shi ne iyaye Musulmi da yawa sun fi son makarantar coci a kan wadda ba a ambaton Allah a cikinta ko kaɗan, domin suna ganin inda ake girmama addini ɗaya za a fi fahimtar mai wani addinin. Misalin Faransa, wadda ta raba coci da gwamnati a 1905 sannan ta hana sanya hijabi a makarantun gwamnati a 2004, bai ba su sha'awa ba.

Masu adawa su ma ba su rasa abin faɗa ba. Ibada aiki ne na zuciya, kuma gwamnati ba ta da hanyar sanya imani a zuciyar yaro ta hanyar doka. Haƙƙin cire yaro yana nan a rubuce, amma amfani da shi yana nufin yaron ya zauna shi kaɗai a wani ɗaki yayin da abokansa ke taro, ga shi sau da yawa a wannan taron ne ake yin sanarwa da raba kyaututtuka. Iyaye da yawa sukan haƙura saboda kada ɗansu ya zama saniyar ware. Akwai kuma ƙorafin cewa makarantun da kowa ke biya da harajinsa suna fifita 'ya'yan masu zuwa coci wajen ɗaukar ɗalibai idan gurbi ya yi ƙaranci.

Wannan jarida tana ganin maganar ta kasu gida biyu, kuma haɗa su ne ke kawo ruɗani. Koyar da tarihin Kiristanci da tasirinsa a kan dokoki da adabi da al'adun Ingila ilimi ne da ya kamata kowane ɗalibi a ƙasar ya samu, Kirista ne ko Musulmi ko wanda ba shi da addini, kamar yadda ya kamata ya san Musulunci da sauran addinan maƙwabtansa daga bakin malaman da suka san su da gaske. Sanya yaro ya yi ibadar da ba ta gidansu ba wani abu ne daban. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bambance waɗannan biyun: sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, sashe na 38 kuma ya hana tilasta wa ɗalibi karɓar darasi ko shiga ibadar addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Duk inda ake da makarantun mishan ko na Islamiyya da ke cin kuɗin gwamnati, wannan ma'auni ne ya dace a auna su da shi.

Don haka abin da ya kamaci Ingila shi ne ta riƙe darasin addini ta kuma inganta shi, ta bar makarantun coci da na sauran addinai su yi ibadarsu ga iyalan da suka zaɓe su da saninsu, sannan ta mayar da taron safe a sauran makarantu ya zama na tarbiyya da kowa zai iya zama a ciki ba tare da an cire shi ko ya cire kansa ba. Tallafin gwamnati kuma ya tafi da sharaɗi ɗaya ga kowane addini. Dokar da aka rubuta a 1944 domin al'ummar da kusan kowa ke kiran kansa Kirista ta yi aikinta a zamaninta. A yau makarantu da yawa ba sa bin ta, hukuma kuma ba ta hukunta su, kuma dokar da ake karyawa kullum a gaban yara tana koya musu raina doka ne. Gyara ta ya fi barin ta haka.