Banatin kaka: ku daina gurza shi da samfefa

1/ Jama'a, wannan zaren na masu tsohon banati ne a gida, wuƙar nan da soja ke maƙalawa a bakin bindiga. Kakanninmu da yawa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, wasu sun dawo da shi. Ra'ayina: kar ku wasa shi, kar ku gurza shi.

2/ Dalili? Masu tara irin waɗannan kaya tambarin da ke gindin ruwan wuƙar suke fara dubawa. Nan shaidar take. Ka sa samfefa don ya yi ƙyalli, ka goge takardar haihuwarsa kenan.

3/ Misali, samfurin Ingila na 1907. Tsawon ruwansa inci 17. Gefe ɗaya za ka ga kambin sarauta, 1907, wata da shekarar ƙira, da sunan maƙera kamar Wilkinson ko Sanderson. Ɗaya gefen akwai alamar kibiya ta gwamnati da X na gwajin lanƙwasa.

4/ A lura, 1907 ɗin sunan samfuri ne. Shekarar ƙira tana cikin ƙananan lambobin da ke ƙasa.

5/ Ga inda ake damfara. Na farko-farko suna da ƙugiya a tsakanin ƙota da ruwa. A 1913 aka daina sa ta, aka ma yanke ta wasu da yawa. Mai ƙugiya ya yi ƙaranci, kuɗinsa ya hau, sai 'yan jabu suka fara liƙa ta da walda.

6/ Don haka in an nuna maka ƙirar Ingila mai ƙugiya amma lambar ta ce 1917, ja da baya. Duba sawun walda.

7/ Amma ba kowace ƙugiya ce jabu ba. Banatin Japan, samfuri na 30, yana da ita, kuma daga shi Ingila ta kwaikwayi nata. Gajere mai inci 12 da tambarin RFI kuwa ƙirar Indiya ne.

8/ Labarin mai sayarwa ba hujja ba ne, "na wani janar ne" kowa ma zai iya faɗa. Tambari ke magana.

9/ Shafa masa ɗan mai, ajiye shi da kubensa inda yara ba sa kaiwa. Ɗauki hoton tambarin, ka rubuta sunan kakan da ya zo da shi tun akwai masu tunawa. Don Allah kar ya ƙare a sikelin 'yan gwangwan.