Ba Waya Ce Ta Watsa Dandali Ba

Wani marubuci ya yi iƙirarin cewa wayar hannu da TikTok sun kashe nishaɗin Bahaushe a arewacin Zamfara: an bar dandali, an manta da makaɗan fada, kowa ya duƙufa kan allo. Gaskiya ne kasuwar faifan CD ta mutu, kuma har 'yan bindiga na baje kolinsu a TikTok. Sauran zancen kuwa bai tsaya da ƙafarsa ba.

Wa zai fita kallon dambe da dare a ƙauyukan Zurmi alhali ana jiyo harbi daga daji? Waya ce ta hana kalankuwa, ko tsoro?

A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a duk jihar, gwamnatin Matawalle ta rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi. Makonni suka shuɗe babu intanet. Dandali ya dawo? Ko kusa.

Batun makaɗa ma a duba. Narambaɗa, ɗan Tubali, ya rasu fiye da shekaru sittin da suka wuce. Da, sai mai kaset ko wanda ya dace a rediyo ke jin muryarsa. Yau ɗan acaɓa a Kaura Namoda zai miƙa memori ga mai turi a bakin tasha, a cika masa da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, a ɗora masa Izzar So da Labarina. Wannan ne mantuwar? Abin da marubucin ya tsallake shi ne kuɗin turin: a aljihun mai shago yake tsayawa, iyalan mawaƙan ba sa ganin ko sisi.