Allurar zazzabin cizon sauro: Me take nufi ga kudancin Kano?

Duk uwar da ta kai jaririnta rigakafi a asibitin Rano ko wani ƙaramin asibiti a Kibiya, ta riga ta ci gajiyar fasahar da masana ke kira nano, ko da kuwa ba ta taɓa jin sunan ba.

Fasahar ta ƙunshi harhaɗa sinadarin furotin ya zama ƙwayoyi ƙanana matuƙa. Allurar ciwon hanta nau'in B, wadda ke cikin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya, irin waɗannan ƙwayoyi ne, kowace faɗinta kimanin nanomita 22. Nanomita ɗaya shi ne milimita guda idan aka raba ta gida miliyan.

A kan wannan tushe ne masana a Jami'ar Oxford suka gina allurar R21 ta zazzabin cizon sauro. Sun liƙa wani yanki na furotin ɗin ƙwayar cutar maleriya a jikin furotin ɗin ciwon hantar. Siffar ta yi kama da ta ƙwayar cuta, don haka jiki ke ɗaura ɗamarar yaƙi, alhali babu abin da zai hayayyafa a cikinta.

Hukumar NAFDAC ta amince da ita a watan Afrilun 2023, aka kuma fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Kano ba ta cikin zangon farko.

Gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka huɗu ya nuna ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a shekarar farko, a yankunan da zazzabin ke zuwa da damina. Haka yanayin Rano da Kibiya yake.

Sai dai fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Sau huɗu ake yin allurar, ta ƙarshe yaro na da wata 15, kuma dole a adana ta cikin sanyin digiri 2 zuwa 8. A ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma damina kan ɓata hanya, zuwa na huɗun nan ya fi na farko wuya.

Akwai kuma batun yarda. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a 1996 ba, inda yara 11 suka rasu, lamarin da ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004.

Abin da ya dawo da jama'a daga baya shi ne shigar sarakuna da malamai cikin aikin. Idan ana son iyaye su kai yaro har sau huɗu, sai an yi wa hakimai da limaman yankin bayanin abin da ke cikin kwalbar tun kafin motar rigakafi ta iso.