Mai Jego Ba Naman Gashi Ba Ce

Iyayena mata na Wurogauri, Gwandu da Kalgo.

Haba jama'a! Mace ta haihu, an yi mata ƙari an ɗinke, wuri ya kumbura, sai a zaunar da ita a tafasasshen ruwa wai kar sanyi ya shige ta? Ƙuna ce kan ciwo wallahi.

Kwana biyun farko, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta, a ɗora minti 10 zuwa 20, kumburi da raɗaɗi su lafa. In ga zazzaɓi, wari ko jini ya ɓalle, sai asibiti.

Masu neman ƙuri'armu kuwa, atamfa ta isa haka. Firij mai sola muke so a ɗakin haihuwa.

Ku tura wa 'yan'uwa.