Ƙasar da Tamaula Ba Ita Ce Sarauniya Ba



Daga Yelwa zuwa Shanga da Ngaski, in Asabar ta yi ba sai an tambayi wasan da ke mulki ba. Gidajen kallo sun cika, janareto na ruri, 'yan Chelsea da 'yan Manchester United na ta musu. Amma akwai babbar ƙasa da tamaula ba ta da wannan sarauta, wato Amurka.

A can, in ka ce "futbol", wani wasa daban za su nuna maka. Ƙwallonsa kamar ƙwai take, da hannu ake ɗaukarta, 'yan wasa kuma sanye da hular kwano. Wasansu na ƙarshe, Super Bowl, mutum fiye da miliyan 100 ke kallonsa. Bayan shi ga ƙwallon kwando da besbol. Namu kuwa "soka" suke ce masa, kuma an daɗe ana yi masa kallon wasan yara da baƙi. Kukansu shi ne: yaya za a yi minti 90 a tashi canjaras babu ci? Me ya sa ɗan wasa zai faɗi yana birgima alhali ba a taɓa shi ba? Ko Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya fara da tsaron raga, da ƙwallon kwando ya yi suna a can, ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995.

Duk da haka, tamaula ta yi ta kutsawa. Pele ya koma New York Cosmos a 1975. A 1994 Amurka ta karɓi Gasar Cin Kofin Duniya, 'yan kallo fiye da miliyan uku da rabi suka shiga filaye. A gasar ce Najeriya ta fara halarta, Rashidi Yekini ya ci mana ƙwallon farko a ragar Bulgeriya a birnin Dallas. A 1996 aka fara gasar ƙungiyoyinsu ta MLS, shekarar da muka ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta. Beckham ya je a 2007, Messi a 2023, aka kuma ba Amurka da Kanada da Meziko gasar duniya ta 2026.

Sai dai a ganina ba manyan sunaye ne suka dasa wasan ba, makarantu ne. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita maza a kan mata, har a fagen wasanni. Sai 'yan mata suka samu fili da koci da gasa. Sakamakon haka matan Amurka sun ɗauki kofin duniya sau huɗu: 1991, 1999, 2015 da 2019. A wasan ƙarshe na 1999 mutum fiye da 90,000 ne suka cika fili. Icen da aka dasa a makaranta shi ya yi 'ya'ya.

To mu fa? Ƙaunar tamaula ba a fi mu ba, amma yawancinta a kan benci take ƙarewa. Ɗalibi ya haddace 'yan wasan Real Madrid kaf, ya kashe kuɗin tara a gidan kallo, amma ajinsu ba shi da ƙungiya. Kallo ba ya fitar da gwani. Ahmed Musa sai da ya buga a Jos da Kano Pillars kafin Turai ta san shi.

Akwai darasi na biyu. Amurkawa sun karɓi tamaula ba tare da sun yar da nasu ba. Mu ma muna da dambe da kokawa da langa, ga tseren kwalekwale da iyo na bikin Rigata a Yawuri. Tseren jirgin ruwa da iyo duk ana ba da lambar zinare a kansu a Olamfik, mu kuwa a bakin ruwa aka haife mu.

Ga aikin wannan zango. Ku haɗu ku sami malamin wasanni da ladabi, ku roƙi a shirya gasar aji-aji bayan an tashi. Kuɗin kallon mako biyu in an tara zai sayi ƙwallo. A ware wa 'yan mata ranarsu da wasan da suka zaɓa, da yardar iyaye da malamai. Littafi kuma kada ya bar hannu, domin a Amurka ma ɗalibin da makinsa ya faɗi ajiye shi ake yi daga ƙungiya.

Ku rubuto mana yadda kuka yi a makarantunku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.