"Zai zauna da kanshi": maganar gareji da ya kamata mu daina karɓa

Duk wanda ya taɓa kai mota gyaran birki ya san wannan magana. Ka biya kuɗi, ka tashi motar, kana fita ƙofar gareji ka ji wani "ƙiii" ko "gurrr" da babu shi jiya. Ka koma, makanike ya leƙa ƙarƙashi, ya goge hannu, ya ce: "Alhaji ba komi, sabo ne, zai zauna da kanshi." Ni ra'ayina shi ne mu matasa mu daina tafiya da wannan amsa sai an nuna mana dalili, domin ba direba kaɗai ke cikin motar ba.

Ku dubi babbar hanya RN1, daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, ta wuce Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram. Ku dubi hanyoyin da ke sauka kudu zuwa Gangara da ƙauyukan bakin iyaka. Hiyas cike maƙil, akori-kura ɗauke da buhunan gero da wake, mutane a saman kaya, ga amalanke, ga kabu-kabu, ga awaki na tsallakawa. Motar da ke tafiyar kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. In gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkawa take har huɗu. Kuma in abin ya faru, Agye kanta kusan kilomita 80 take daga manyan asibitocin Maraɗi, balle wanda aka ɗauko daga Gangara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan da ƙannenmu. Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a, alhali motocinmu ba su kai na sauran ba.

To, yaya za ka gane abin da ƙarar ke faɗa? Ba sai ka zama makanike ba.

In ƙara ce siririya mai tsini da safe, ta ɓace bayan ka taka birki sau biyu ko uku, yawanci ƙura ce ko raɓa, musamman lokacin hunturu. Sabuwar fatar birki, wadda ake ce wa plaket, ita ma takan yi ɗan kuka kwanakin farko kafin ta daidaita da faifai. Nan kaɗai maganar "zai zauna" ke da gaskiya. In kukan bai ragu ba bayan ƴan kwanaki, ko fatar ta jabu ce, ko an manta ƙananan ƙarafunan da ke riƙe ta, ko ba a goge wurin an sa masa maiko ba.

In gurza ce, ƙarfe na cin ƙarfe, ka tsaya. Wataƙila tsakuwa ce ta maƙale bayan faifai, abin da ya zama ruwan dare a hanyar jar ƙasa. Wataƙila kuma fatar ta ƙare ƙaf ba a canja ta ba, an dai karɓi kuɗinka. Sabuwar fata kaurinta yakan kai milimita goma ko fiye. In ta sauko kusan uku, lokacin canji ya yi. Wannan da idonka za ka gani in an cire taya.

In "ƙwas" kake ji duk sanda ka taka, kamar abu na buga wani, ka yi zargin kusoshin da ke riƙe maƙoshin birkin ba su ɗauru ba. Wannan ba ya zauna, kwancewa yake ƙarawa. In sitiyari ko fedal na rawa yayin da kake rage gudu, faifan bai zauna daidai ba ko ya cinye ba bisa ƙa'ida ba. In mota na ja gefe guda, ko taya ɗaya ta ɗauki zafi har kana jin ƙauri, birkin wannan gefen ya kama bai saki ba, ko gefe ɗaya kawai aka canja wa fata. Fatar birki biyu-biyu ake canja ta, hagu da dama tare.

Mafi muni kuma ba ya ƙara ko kaɗan. Ka taka fedal ka ji laushi kamar soso, ko yana nutsewa sannu a hankali. Iska ce ta shiga bututun mai ba a fitar da ita ba, ko man na yoyo. Man birki, DOT 3 ko DOT 4 yadda aka rubuta a murfin, yana shan danshi, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Mota mai irin wannan fedal ba ta hau titi.

Wani zai ce ina ɗora wa talaka laifi. A'a. Na san makanikai masu amana, waɗanda za su ce maka "wannan kayan ba zan sa maka ba" ko da za ka yi fushi. Kuma na san mai mota ne sau da yawa ke cewa "sa mini mai arha," don ya tsira da jika biyu ko uku. Maigidan gareji ya bar wa yaro ɗan koyo aikin, ya tafi kasuwar kayan gyara, babu wanda ya duba bayanshi. Araha ba ta ado, a birki kuwa har rai take ci. Matsalar tsari ce: babu takardar aiki, babu garanti, babu inda za ka kai ƙara in aka ɓata maka.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Mai mota ya ce a nuna masa tsohon kayan da aka cire da kwalin sabon. Ya taka fedal sau da yawa har ya yi tauri kafin ya motsa. Makanike ya shiga motar a zaga tare, a gwada birki a ƙaramin gudu. A rubuta abin da aka yi da kuɗinsa ko a ƴar takarda ce, tare da sharaɗin in ƙara ta fito a dawo ba sabon biya. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba.

Sandikar direbobi a tashoshin Agye, Gazawa da Gidan Rumji tana iya hana motar da birkinta ke gurza yin lodi, kamar yadda take hana wanda ya tsallake layi. Hukumar kiyaye haɗurra ANISER ta kai wayar da kanta har cikin gareji, ba bakin titi kaɗai ba. Asusun FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na CFM su nemi yaran da ke ƙarƙashin mota yanzu haka, su ba su horo na gajeren lokaci kan birki da sitiyari, da takardar shaida da maigida zai rataye a bango.

Fasinja ma yana da baki. In kun ji gurza tun daga tasha, ku yi magana. Za a ce kun cika surutu, za a ce komi na Allah ne. Haka ne, kuma Shi ya ba mu kunne. Tawakkali bai hana a cire taya a duba ba.

Ku gaya mana a ƙasa: wace ƙara kuka taɓa ji bayan gyara, kuma me aka tarar da aka buɗe? Kada ku ambaci sunan kowa. Darasin muke so ya kai ga wanda zai ɗauki iyayenmu zuwa kasuwa gobe.