Hawa keke ba zubar da aji ba ne

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke nan Ibadan, ranar Asabar na ari keke na shiga dajin IITA da ke hanyar Oyo. Hanyar tsakuwa, ba mota, ba ɗan acaɓa, sai inuwar bishiyoyi da kukan tsuntsaye. Wata uku rabona da barcin kirki saboda binciken digirina na biyu, amma a daren wallahi ko juyi ban yi ba.

Abin haushin, a kan keke muka tashi a gida, amma da mun shigo jami'a sai mu riƙa jin kunyarsa. Daga ɗaki sai laburare, har ciwo ya kwantar da mutum. Sai da lafiya ake cin moriyar digiri fa.

Asabar mai zuwa bayan asuba, wa zai raka ni?